Tambayi Mai Gyaran Wuta: Daga ina wutar Legas take fitowa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan wata sun taru a kan abu guda, wato inda wutar lantarki take fitowa da abin da ake ƙonawa kafin a same ta. Na zaɓi guda huɗu. Masu tambaya a kan mita da taransifomar unguwa su yi mini afuwa, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare, muna zaune a Idi-Araba. Malaminmu ya ba mu aikin gida, ya ce mu raba hanyoyin samar da lantarki gida biyu, masu sabuntuwa da masu ƙarewa. Na sa ruwa a cikin masu ƙarewa, domin rijiyar gidan kakata a Funtuwa tana ƙafewa duk bazara, sai ya ja mini jan biro. Ina laifina? Kuma wutar da ake kawo mana nan Legas, a wane gida take?

AMSA: 'Yata, malaminki ya yi daidai, amma ke ma ba shirme kika rubuta ba. Rijiyar kakarki tana ƙafewa a bazara, haka ne. To damina na faɗuwa me ke faruwa? Ruwa ya dawo. Wannan dawowar ita ce ma'aunin. Ki ɗauki makiyayi da saniyarsa. In nono yake tatsa, gobe ma zai tatsa, jibi ma haka, ko da yake da rani nonon kan ragu. In kuwa yanka ta ya yi, an sha romo sau ɗaya, an gama. Hasken rana, iska, ruwan kogi da zafin da ke cikin ƙasa, duk nono ne. Iskar gas, kwal, man fetur da yuraniyom, nama ne. Gas da kwal da fetur ragowar tsirrai ne da ƙananan halittu da ƙasa ta binne tun miliyoyin shekaru, nauyi da zafi suka dafa su a can ƙarƙashi. Abin da muka haƙo muka ƙona a shekara ɗaya, jikokin jikokinki ba za su ga ya sake taruwa ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa muku a aji ba. Ina yaro a Zariya, mahaifina yana da keke mai dainamo, wata 'yar kwalbar ƙarfe da ke jingina da tayar baya. In ya taka feda, kan kwalbar ya riƙa murzawa a jikin taya, fitila ta kama. In ya zo hawa tudu ya rage gudu, fitilar ta yi ja kamar garwashi, yana tsayawa ta mutu. A cikin kwalbar ba komai sai maganaɗisu da ke juyawa kusa da naɗaɗɗiyar wayar tagulla. To kusan duk wata babbar tashar lantarki da kika taɓa jin sunanta, wannan dainamon ce aka girmama ta ta kai girman gida. Bambancin kawai shi ne wa ke taka fedar. A wani wuri ruwa ne ke zubowa daga sama ya juya farfela, a wani wurin tururi ne, a wani wurin iska. Faifan sola ne kaɗai ya fita zakka, shi babu abin da ke juyawa a cikinsa, hasken ne ke faɗawa a kai ya zama lantarki kai tsaye.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. In kika wuce Ikorodu kika nufi Ijede, a bakin ruwa za ki hango dogayen bututun hayaƙi na tashar Egbin. Na taɓa yin aiki a wani gida a wajen, kwana uku ina kallonsu daga saman rufi. Injuna shida ne a ciki, kowanne megawat 220, jimilla 1,320, kuma tun tsakiyar shekarun 1980 take aiki. Gas ake turo mata ta bututu tun daga Escravos a jihar Delta, a ƙona shi, a tafasa ruwa, tururin ya juya farfela. Sai dai ba wai wutar Egbin ta Legas ce ita kaɗai ba. Duk tashoshin ƙasar nan a babban layi ɗaya suke zuba abin da suka samar, kamar mata da yawa suna juye ruwa a randa guda, ba mai iya cewa wannan moɗar daga tulun wance take. A cikin randar, wajen kashi uku bisa huɗu ko ma fiye daga gas yake, saura daga madatsun ruwa. Na rana da na iska ba su taka kara sun karya ba tukuna: tashar sola ta Kumbotso a Kano da aka buɗe a 2023 megawat 10 ce, injinan iska na Lambar Rimi a Katsina ma megawat 10 aka tsara musu. Saboda haka ki gaya wa malaminki, ƙwan fitilar ɗakinku akasarin haskensa daga gidan masu ƙarewa yake.

Kada kuma ki ɗauka ƙarewar gas ce ke sa ana ɗauke mana wuta. Najeriya tana da gas a ƙarƙashin ƙasa fiye da kowace ƙasa a Afirka, har yau ma ana ƙona wani a banza a sararin sama a yankin Neja Delta. Tashoshin da aka gina sun kai wajen megawat 13,000 a takarda, amma abin da ke isowa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000. Bashin da masu gas ke bi, fasa bututu, injunan da suka tsufa, da manyan wayoyin da ba sa iya ɗaukar kayan, su ne suka cinye sauran.

Kwal kuwa ya yi zamaninsa a garin nan. A Legas aka fara kunna lantarki a ƙasar nan, a 1896. Daga baya aka gina tashar Ijora a 1923, tana cin kwal ɗin da aka gano a yankin Enugu a 1909. Yau babu wata babbar tashar kwal da ke ba layin ƙasa wuta, alhali Afirka ta Kudu har yanzu wajen kashi 80 cikin 100 na wutarta daga kwal take.

TAMBAYA: Malam, ni fataucin shanu nake yi tsakanin Potiskum da Oko-Oba a Agege. Abin da ke ɗaure mini kai, ga ruwa ya kewaye Ikko ta ko'ina, ga teku, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, amma duk madatsun lantarki suna can wajenmu Arewa. Me ya hana a yi a nan? Sannan wani yaro ya ce mini kashin shanun da muke kwashewa muna zubarwa ana iya yin wuta da shi. Gaskiya ne ko zancen 'yan boko ne?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Ba yawan ruwa ake nema ba, tudun da zai faɗo daga kai ake nema. Ka tsaya a cikin kududdufi, ruwa har gwiwa, ba abin da zai same ka. Amma a juyo maka bokiti ɗaya daga hawa na uku, sai ka ji a wuyanka. Legas shimfiɗe take kamar tabarma, ruwanta a kwance yake, ba shi da inda zai gangara da ƙarfi. Bangon Kainji ya kai tsayin mita 65, na Shiroro ya haura mita 100, kuma wannan tsayin ne ke ba ruwan ƙarfin juya injin.

Kainji ce babbar yaya, a kan kogin Kwara, an gama ta a 1968, megawat 760. Jebba tana ƙasa da ita a kan kogin, megawat 578, tana sake cin moriyar ruwan da Kainji ta saki. Shiroro a kan kogin Kaduna take, 1990, megawat 600. Autarsu Zungeru, megawat 700, ba ta daɗe da fara aiki ba. Ta Mambilla a Taraba, mai megawat 3,050, tun ina saurayi nake jin labarinta a rediyo, ga shi na yi furfura.

Tunda kai mutumin hanya ne, bari in ba ka wani abu da zai burge ka. Sau biyu ruwa ke cika tafkin Kainji a shekara. Na farko na daminarmu ne, yana zuwa da laka, fari-fari, wajen Agusta zuwa Oktoba. Na biyu kuwa ruwan saman da ya sauka a duwatsun ƙasar Gini ne. Sai ya bi ta Mali, ya bazu a fadamun da ke kafin Tumbuktu, ya zubar da lakarsa a can, ya ratsa Nijar, sannan ya iso Kainji wajen Disamba zuwa Fabrairu, a tace, baƙi-baƙi. Wato lokacin da kake rawar sanyin hunturu a Potiskum, ruwan da aka yi a Gini watanni da suka wuce ne ke taimakawa wajen haska Agege. Daga Maris zuwa Yuni kuma tafkunan kan ja baya, wutar madatsu ta ragu, daidai lokacin da zafi ke sa kowa neman fanka.

Kuma kada a ce don ruwa yana sabuntuwa ba wanda ya biya kuɗinsa. Da aka tare kogin, tsohon garin Bussa ya nutse ɗungurungum, sai sabon gari aka gina musu. Mutum sama da 40,000 aka tasa daga gidajensu da gonakinsu da makabartun iyayensu, har da mutanen ƙasar Yawuri. Waɗanda ke zaune a ƙasan madatsun kuma, duk shekarar da ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofi, shinkafarsu ce ke tafiya.

Zancen yaron nan gaskiya ne. In aka dama kashin shanu da ruwa aka rufe shi a mazubin da iska ba ta shiga, yana ruɓewa ya fitar da gas mai kamawa, ɗan uwan wanda ake ƙonawa a Egbin. A Indiya da Sin miliyoyin gidaje da shi suke girki. Ni ma na taɓa gwadawa da babbar durom ta roba a bayan gidana. Na yi mako uku ina leƙawa kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe, ranar da shuɗiyar wuta ta kama na dafa shayi na kira maƙwabta. Kwana biyu bayan nan murfin ya fara yoyo, uwargida ta ce ko durom ko ita. Durom ɗaya ba ta wuce shayi ba, amma mayanka mai girman taku ta Oko-Oba, in aka gina mata ramin siminti na ƙwarai, za ta iya tafasa ruwan aikinta ta kuma tayar da janareta. Ragowar da ke fita kuma taki ne, masu lambu za su saya.

TAMBAYA: Malam, ni mutumin Tawa ne, gadi nake yi a Ikoyi. Ana cewa da yuraniyom ɗinmu Faransa take haska garuruwanta. To me ya sa mu namu ƙauyukan suke cikin duhu?

AMSA: Ɗan uwa, sannu da aiki, Allah ya tsare. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, kuma gaskiya ne wajen kashi biyu bisa uku na wutar Faransa daga tashoshin nukiliya masu aiki da yuraniyom take, ko da yake ko a da ba daga Nijar kaɗai take sayo shi ba. Shi ma cikin masu ƙarewa yake, sai dai ba ya hayaƙi, kuma ɗan kaɗan ɗinsa yana ba da zafi mai yawan gaske. Matsalar ita ce dutsen da aka haƙo ba ya kunna ko tocila. Sai an tace shi, an inganta shi a masana'antun da ƙasashe ƙalilan ke da su, sannan a sa shi a tashar da gininta ke cin biliyoyin daloli, ga sharar da ke fita mai guba wadda sai an killace ta shekaru aru-aru. A duk Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, Koeberg a Afirka ta Kudu, Masar kuma tana kan gina tata. Wanda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004 na bincike ne, kilowat 30, ba ya ba kowa wuta. Kafin juyin mulkin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya ake tura ta, shi ya sa da aka katse layin Yamai ta ji jiki. A ganina arzikin da ya fi kusa da ƙauyenku yana bisa kanku: ranar Tawa ta fi ta Legas ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma an riga an fara da tashar sola mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai.

TAMBAYA: Oga, ni tela ne a Agege, keke uku gare ni masu moto da yara biyu masu koyo. Kullum sai na zuba wa ƙaramin janareta lita huɗu. Abokina ya ce in sa sola, wai rana kyauta ce, na huta har abada. Adashina ya kusa fitowa. In sa ko kar in sa?

AMSA: Maigida, ka sa, amma ba yadda abokinka ya faɗa maka ba. Mu fara da janaretan. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta taɓa naira 1,000 a ƙarshen 2024. Irin ƙaramin injin nan da mutanen Legas ke wa laƙabi da "na fi maƙwabcina", da wuya lita ɗaya ta ba ka fiye da yunit biyu na wuta. Ka yi lissafi da kanka. Lokacin da aka ɗaga kuɗin 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, gari ya ɗauki kuka, alhali kai yunit ɗinka na janareta ya ninka wannan, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin makaniki. Wutar da ta fi kowace tsada a Legas ita ce wadda talaka ke yi wa kansa a bakin shago.

Rana kyauta ce, gaskiya. Tarkon kama ta ne ba kyauta ba. Faifan kansa in na kirki ne yana kai shekara 20 zuwa 25. Batir shi ne ramin da kuɗi ke faɗawa. Na dalma, irin mai ruwa, in kana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, ga zafin shago, shekara biyu zuwa uku ya gama. Na litiyam ya fi daɗewa sosai, amma kuɗinsa sai ka zauna kafin a faɗa maka. Sa'arka ita ce aikinka na rana ne, yawancin wutar daga faifai za ta wuce kai tsaye zuwa kekuna, ba ka buƙatar tulin batir kamar mai son ya kwana da na'urar sanyaya ɗaki.

Abin da dillalai ba sa faɗa shi ne Legas ba Sakkwato ba ce. A can ana samun kwatankwacin awa shida na cikakkiyar rana, mu nan huɗu da 'yan kai, kuma a Yuli da Agusta sai a yi kwana uku sama a rufe kamar an kifa tukunya. Faifai mai wat 400 a nan, bayan asarar da ake yi a waya da inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida, ka sa masa yunit ɗaya da ɗan ɗori a rana. Da kuɗina na koyi wannan. Na taɓa haɗa wa wata baiwar Allah mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, na yi lissafina a watan Fabrairu, rana tana ƙwallewa, firiza tana ta gurnani, har ta aiko mini da tukuici. Yuli na shiga ta kira ni da asuba. Na tarar da ƙanƙara ta zama ruwa a leda, zoɓo ya yi tsami, batura huɗu sun faɗi warwas saboda kullum sai sun zuƙe ƙarƙaf ba sa samun cika. Ba su kai shekara ba. Laifina ne, rabin kuɗin sababbi daga aljihuna ya fita. Tun daga ranar da watan Yuli nake lissafi.

To ga shawarata. Kafin ka sayi ko faifai ɗaya, duba moton kekunanka. In irin tsohon nan ne mai kulochi, wanda ke ta kuka ko ba ka taka ba, wuta yake sha ko kana yanka ko kana hira da kwastoma. Akwai sabon samfuri da ake kira "servo" da Turanci, wanda ba ya motsi sai ka taka, shansa bai kai rabin na tsohon ba. Canza moto uku ya fi arha a kan ƙarin faifai da batir da za ka saya don ciyar da tsofaffin. Ƙwayayen fitila ka mayar da su masu tsimin wuta. Janaretan kuma kada ka sayar, ka ajiye shi don damina da daren sallah, sai dai don Allah a waje, nesa da ƙofa. Hayaƙinsa yana da gubar da ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci, kuma na san yaran shago a ciki suke kwana. Batir in ya mutu ka mayar wa masu saye, kada yara su fasa shi. Dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito.

Dutsen guga shi ne ba zan yarda ka ɗora wa sola ba. Guda ɗaya yana jan wat 1,000 ko fiye, ya fi kekunanka uku da fanka a haɗe. Ka tara guga sai an kawo wuta, ko ka koma wa na gawayi kamar yadda iyayen gidanmu suka yi, duk da shi ma gawayin ba zan sa shi a gidan masu sabuntuwa da zuciya ɗaya ba, don buhunan da tireloli ke saukewa a garin nan ban ga mai dasa madadin itatuwansu ba. Kafin adashin ya fito, ka ɗauki hoton ɗan allon ƙarfen da ke jikin kowane moto da na fanka, ka rubuto mini awa nawa kowanne ke aiki a rana da faɗin rufin shagonka, in lissafa maka faifai nawa za su ishe ka a watan Yuli.